Ƙulli na Sha Ɗaya

Abin wuyan jan fata ne, faɗinsa yatsa uku. Wani baduku ya ɗinka shi tun ina yawo ba wando. A jikinsa an rataya doguwar igiyar fata mai ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli kare ɗaya ne. Karen da ya ci taron kaka, a ɗaura masa ƙullinsa, a sa masa abin wuyan, ya tafi gida da shi har wata kaka. Babu rago, babu kuɗi, babu takarda. Duk da haka na ga mutum ya yi kwana biyu bisa raƙumi don kawai ya gan shi da idonsa.

A wani fako ake taron, arewa da Dakoro, bayan an gama ɗaurin gero, kafin makiyaya su gangaro kudu. Mafarautan Korahane da na Roumbou su zo, Buzaye da Fulanin Azagor su zo da dogayen karnukansu masu siririn ciki. Shekarar da damina ta ƙi, ba a yi. Shi ya sa ƙullin bai kai yawan shekarun ba. A shekarar da nake magana, talatin da shida ne.

Ba gudu kaɗai ke ba da abin wuyan ba. In karenka ya ci, sai ka tsaya tsakiyar fili, hannun hagu bisa kan kare, hannun dama yana jan igiyar kamar tasbaha, ka faɗi ƙulli ɗaya bayan ɗaya tun daga na fari: launin karen, garin mai shi, abin da ya yi, da yadda ya ƙare. Sharaɗi biyu ne. Wanda ya sayar da kare ko sau ɗaya, hannunsa ba ya hawa abin wuyan, don irin waɗannan karnuka kyauta ake ba da su. Na biyu, duk abin da ka faɗa da hannu bisa kan kare, in ba haka yake ba, kan karen yake sauka. Wani mutumin Roumbou ya rage wa karen abokin gabarsa zomo ɗaya wajen faɗi. Kafin ruwan fari nasa karen ya makance. Malamin unguwarmu ya ce camfi ne. Ni dai na ga karen, na ga idon.

Ban yi lekol ba, ban san boko ba, amma ƙullin nan ko daga barci aka tashe ni sai in kawo su a jere. Na fari, farin kare na Azagor, shi kaɗai ya ka da barewa, ya tsufa ya mutu a bakin tantin mai shi. Na uku da na huɗu karya ɗaya ce, baƙa, ta Roumbou. Shekara ta biyu da ciki ta yi gudun, bayan kwana ashirin ta haifi bakwai. Na bakwai na wani Bafillace ne, mai kunne ɗaya. Kura ta tafi da ɗayan, shi kuma ya hana ta maraƙi. In aka zo kansa Fulani sai sun ɗaga sanduna sama suna ihu. Na tara bai yi haushi ko sau ɗaya ba har ya mutu, maciji ya sare shi a bakin rijiya. Ina son jin su. Jikina har tsuma yake in ana faɗi.

Na sha ɗaya kuwa ga yadda ake faɗinsa: Ja ta Korahane, mai fararen ƙafafu, ta kamo zomo biyu a fita ɗaya, yunwa ta kashe ta.

Ta ubana ce. Kuma ba yunwa ta kashe ta ba.

Ta ci taron da kaka. Daminar da ta biyo baya ruwa ya ɗauke gero yana gwiwa. Ba a yi taro ba, abin wuyan ya zauna a wuyanta. Ubana ya rasu da sanyi. Da bazara 'ya'yan anza na daji muke ci, sai an jiƙa kwana uku kafin ɗacin ya fita. Matata tana da cikin fari, ƙafafunta sun kumbura, in ka danna yatsa wurin ba ya tasowa. Ranar kasuwar Dakoro wani baƙo ya zo da babbar mota yana neman irin karnukanmu. Buhun gero ɗaya ya ce. Na cire mata abin wuyan, na ce hau, ta hau. Da ta yi gardama da ya fi mini sauƙi.

Buhun ya kai mu tumun fari. Matata ta haihu, ɗan yana nan, yanzu shi ma da jikokinsa a hanya.

Da aka koma yin taro na mayar da abin wuyan a nannaɗe cikin tsumma, na ce yunwa ce. Kowa ya yarda, don yunwa ta kashe na kowa. Hannuna ba ya kan kare a lokacin. Waɗanda suka yi ta faɗa a bayana ba su sani ba, ba ruwansu. Ni na sani. Shi ya sa shekara arba'in ina zuwa taron, ina da karnuka a gida, ban shigar da ko ɗaya ba.

Ina da taubashi a Roumbou, ɗan kawuna. Karnukansa sun ci sau biyu, bakinsa kuwa ya ci sau ɗari. Duk shekara yana hango ni sai ya ɗaga murya.

"Bawana! Bana ma kallo ka zo? Ko har yanzu ba a yi bikin buɗe bakin ba?"

"Ina wuni."

"Kun ji, ya kashe kalma biyu. Ya gama na wata."

Mutane sun ɗauka tsoron tsayawa gaban jama'a nake. Na bar su a haka.

Mai riƙe da al'adar taron wani tsohon Buzu ne na Azagor, shi ke ɗaura ƙulli. Wata shekara ya aiko in je. Na tarar karyarsa ta haifi biyar. Ya kwashe 'yan kwikwiyon ya kai su cikin rana, nesa da tanti, ya jera a kan yashi mai zafi, sannan ya saki uwar. Ta ruga, ta shinshina, ta ɗauko wata 'yar ƙarama mai launin yashi ta fara kai ta inuwa.

Ya ce, "Uwa ba ta kuskure. Ɗauki, ɗana."

"Baba, ban roƙa ba."

"Da ka roƙa da ban ba ka ba."

Na rene ta da nono da dusa. Ina shafa mata lalle a tafin ƙafa don ya yi tauri. Tana shekara ɗaya da rabi ta kamo zabuwar daji ta riga ta bar ƙasa. In tana gudu ba ka jin sawunta, sai dai ka ga yashi yana tashi bayanta jefi-jefi. Na riƙe karnuka da yawa. Tun bayan Ja ban ga irinta ba.

Matata ba ta son kare kusa da ita. Tun aurenmu ba ta bari ya shiga madafa ba. In ya lashi ƙwarya sai wanki bakwai, ɗaya da ƙasa. Ita kaɗai ta san inda buhun ya fito. Da kakar da karyar ta cika shekara uku, matata tana sheƙar gero da safe, ba ta ko dube ni ba ta ce:

"Bana ka kai ta."

"A'a."

"Don mi?"

"Kin sani."

"Na sani mana, ni na ci geron. Ita mi ta ci? Karnuka nawa ka tsare a gidan nan kamar masu takaba? Wagga ba ka tsare ta."

"In ta ci fa?"

"In ta ci ka buɗe baki. Ba kullum nake roƙonka ba."

Na kai ta. A hanya addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa ta zo ta biyu.

Ranar taron, fakon ya cika. Raƙuma a durƙushe gefe ɗaya, motoci gefe ɗaya, masu fura da masu ƙosai a tsakani, gangar mafarauta tana tashi tun hantsi. Kowa da salula a hannu yana ɗauka. Karnuka sun fi arba'in. Taubashina ya gan ni da igiya a hannu, ya tsaya cak.

"Wanga ido nawa ne ko na aro? Jama'a, bawana ya zo da kare!"

Nasa yana gefensa, wani dogo mai zane-zane, ƙirji kamar na doki. Na dube shi na ji daɗi. Na ce a raina ga wanda zai cece ni.

Tsayuwa ake farawa da ita. Ka kawo karenka kan fako, ka saki igiya, ka ja baya taku biyar. Dattawa uku su zagaye shi. Haƙarƙari uku su fito a gani, ba biyu ba, ba biyar ba. Ƙugu ya ɗan fi kafaɗa tsawo. Ƙirji ya sauko, ciki ya tsuke har mutum ya kusa haɗa yatsunsa. A buɗe baki a duba haƙora. Sai babban abu: kada ya yi gurnani, kada ya cusa wutsiya, kada kuma ya kaɗa wa baƙo ita.

Wani Alhaji ɗan kasuwa ya zo daga Maradi cikin babbar mota kat-kat da wani kare mai sheƙi, an ce shinkafa da kifin gwangwani yake ci. Dattijo ya shafa gefensa yana neman haƙarƙari, ya shafa, ya sake shafawa. Karen ya ji daɗin susa, ya kwanta ya ba da ciki, wutsiya tana share ƙasa. Taubashina ya ce, "Alhaji, wanga ai rago ne, aje shi sai Layya!" Har Alhajin ya yi dariya.

Aka zo kan tawa. Na saki igiya na ja baya. Ta tsaya kamar an kafa ta. Dattijo na fari ya ƙirga, uku. Na biyu ya sa hannu ƙarƙashin cikinta, yatsunsa suka haɗu. Aka buɗe bakinta ta bari. Na ukun ya ciro kilishi daga aljihu ya kawo daidai hancinta. Ta dubi can bayan kafaɗarsa, wajen tuddan yashi, kamar turke ne a gabanta. Na ji jama'a sun ja numfashi tare. Wata tsohuwa mai fura ta rangaɗa guɗa. Na manta da addu'ar hanya.

Takwas suka rage, sai gudu.

Da, zomo mai rai ake tayarwa. Yanzu zomon ya yi ƙaranci, masu gandun daji kuma sun hana. Fatar zomo ake ɗaurawa a doguwar igiya bayan moto, wato babur. Tsofaffi har yau suna tsaki, amma karnuka ba su damu ba. Daga gindin wata aduwa ake tashi, a zagaye tudun yashi, a dawo. Wanda ya fara cafke fata shi ya ci.

Muka jera, kowa ya riƙe wuyan nasa. Ina jin jikinta yana rawa a hannuna. Mai moto ya murɗa, fata ta yi tsalle, tsohon Azagor ya saki sandarsa ƙasa.

Wayyo! Takwas kamar kibiya ɗaya. Mai zane-zane ya fita gaba, wani baƙi na bin sa, tawa ta uku. Ganga ta haukace. Mutane suna gudu gefe suna bi, wani ya hau kan raƙumi tsaye. Suka nufi tudu, baƙin ya fara saki, ta wuce shi kamar yana tsaye. Saura ɗaya. A gindin tudun akwai ƙarangiya shimfiɗe, mai moto ya bi gefenta ya karkato, karnuka suka bi sawun moto. Ita ba ta bi ba. Ta ratsa tsakiyar ƙarangiyar kai tsaye, ƙafar lalle ko gezau, ta fito gaban mai zane-zane da tsayin kare biyu. Mai moto ya waiga ya gan ta, ya ƙara wuta. Ta miƙe, cikinta yana shafar ƙasa, ta tashi sama, ta sauka da fata a baki. Ta turje. Igiya ta tsinke, moto ya yi tangal-tangal ya kwanta cikin yashi, mai shi ya tashi yana tofar da ƙasa yana dariya.

Ban san lokacin da na ruga ba. Rawanina ya faɗi, takalmi ɗaya ya tafi. Ina ihu da wata murya da ni ma ban san ina da ita ba. "Tawa ce! Tawa ce! Ku gan ta!" Na rungume wani Bafillace da ban taɓa gani ba. Taubashina ya riƙe kai da hannu biyu.

"La'ilaha illallahu, bebe ya yi magana! A kawo ruwa, aljani ya hau shi!"

Sai na ga tsohon yana tahowa da abin wuyan a hannu. Na daina ihu.

Aka yi da'ira. Aka kashe ganga. Na ɗora hannun hagu a kanta, da ɗumi, tana haki, ta jingina da gwiwata. Tsohon ya riƙe abin wuyan, ya miƙo mini bakin igiyar. Na fara. Farin kare na Azagor. Baƙa ta Roumbou, da ciki. Mai kunne ɗaya, Fulani suka ɗaga sanduna. Muryata tana fita daidai, mutane suna kallon juna. Na tara. Na goma.

Yatsana ya hau na sha ɗaya. Ya yi santsi, hannaye da yawa sun bi ta kansa. Kalma huɗu ce kawai, yunwa ta kashe ta, kowa ma bakinsa ya riga ya buɗe da ita. In na faɗa, in tafi gida da abin wuya. Na sunkuya na dube ta. Ta ɗago ido. Na tuna karen Roumbou yana karo da turmi a tsakar gida.

Na ce, "Ja ta Korahane, mai fararen ƙafafu, ta kamo zomo biyu a fita ɗaya. Ni na sayar da ita. Buhun gero ɗaya."

Na saki igiyar.

Wuri ya kaure. Wani ya ce ai ya riga ya taɓa ƙulli sha ɗaya. Wani ya ce shekara arba'in ana sa mu faɗin abin da ba shi ba. Wani Buzu ya ja rawani ya rufe fuska, ya juya mini baya. Masu yawa suka ce a ba na biyu, haka sharaɗi yake. Na biyu kuwa karen taubashina ne.

Ya fito tsakiya. Ban taɓa ganin fuskarsa ba dariya sai ranar.

"A ba ni mi? Karena ya kamo fata? Gobe a tsaya nan a ce mai zane-zane na Roumbou, ya ci don bawan ubangidansa ya faɗi gaskiya? Ban so." Ya juyo gare ni. "Kai, shekarar nan da na zo gidanku da ƙafa na kwana bakwai, kunun da matarka ta dama mini, daga buhun ne?"

"Daga shi ne."

"Innalillahi. Ashe Ja na sha."

Wani ya fashe da dariya a baya, wasu suka bi. Ba duka ba.

Tsohon ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ba ya sauri. Ya ce, "Ƙulli na kare ne ko na mai kare?"

Aka ce na kare.

"Wa ya tsaya gaban kilishi?"

"Ita."

"Wa ya ratsa ƙarangiya?"

"Ita."

"Sharaɗi ya ce hannunsa ba ya hawa. Ban ji inda ya ce wuyanta ba ya ɗauka ba." Ya dube ni. "Sha ɗayan da ka taɓa, na bar ka da Allah. Ƙarasa. Ni zan ja, kai ka faɗa."

Ya ja, na faɗa, hannuna na dama a baya. Sha biyu har talatin da shida, ban tsallake ko ɗaya ba, har da biyun taubashina, yana gefe yana cewa in ɗaga murya a nan. Tsohon ya ɗaura na talatin da bakwai, ya ja shi da haƙori. Ya durƙusa da kansa ya sa mata abin wuyan. Jan fata bisa launin yashi. Ganga ta tashi, guɗa ta tashi. Buzun da ya juya baya bai juyo ba, har yau ba ya gaishe ni. Ban ga laifinsa ba.

Tsohon ya ce, "Kai kuma, ɗana, ka ji. Ko ya faɗi ƙasa, ba kai ke ɗauka ba."

Haka muka koma Korahane, ita a gaba da abin wuya, ni a baya da takalmi ɗaya.

Abin da ba wanda ya tuna shi ne fata tana son mai. Duk mako sai an cire an shafa man shanu, in ba haka ba rani ya tsattsage ta. Ranar Juma'a ta farko na zauna ina kallon abin wuyan, hannuwana a cinya. Matata ta fito daga madafa da ɗan kasko.

"Riƙe mata baki."

"Ba ta cizo."

"Na ce riƙe. Yau ni ce da taɓa kare da tsufana."

Ta kwance shi, ta zauna a tabarma tana shafawa ƙulli ƙulli. Ba ta san na kowa ba, amma ta iya ƙirge. Da ta kai na sha ɗaya ta ƙara lakato mai, ta daɗe a wurin. Ta mayar da shi wuyan karyar, ta ɗaure, ta tafi ta wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Shekara guda tana yi, ba ta fasa mako ɗaya ba.

Da wata kaka wani saurayin Azagor ya ci da farin kare. Ina cikin da'ira ina ji. Ya zo na sha ɗaya ya ce, "Ja ta Korahane, mai fararen ƙafafu, ta kamo zomo biyu a fita ɗaya, an sayar da ita buhun gero, gida ɗaya ya rayu." Taubashina ya ɗaga murya, "Har da baƙo!" Yanzu haka ake faɗinsa, har da baƙon.

Ya ci gaba har ya kai ƙarshe. Mai launin yashi ta Korahane, ta ratsa ƙarangiya, tana raye. Tana kwance a ƙafata lokacin, idonta biyu garau.